Ƙarfen Firmin da Ƙarfen Leonie

Ni na riga kowa ganin tsatsar nan. Ba sau ɗaya ba, har sau biyu, kuma tsakanin ganin farko da na biyu shekara hamsin da huɗu ne cif. Yanzu kowa a kwarin nan yana ba da labarin kamar a gabansa aka yi, har da waɗanda a lokacin iyayensu ma ba su haɗu ba. Ku bar su. Ni ne Numa, magogin ƙarfe na gidan agogon Sandrier. Karatuna bai wuce in rubuta sunana in gane na wasu ba, amma na ga bayan iyayen gida uku, na ga an rufe kamfanin da kwaɗo, na ga an sake buɗe shi, ga ni nan kuma da ƙafata da haƙorana goma sha ɗaya. Sai dai labarin ba nawa ba ne. Na Firmin Huguelet ne, ƙanen matata.

Gidan Sandrier a bakin taga ya fara. Tsoho Sandrier manomi ne, shanunsa bakwai. Idan ƙanƙara ta rufe hanya wata biyar, shanu na ƙasa suna tuƙa, shi yana sama a gaban taga yana harhaɗa agogon aljihu, kamar yadda rabin mazan duwatsun nan suke yi a zamanin. A shekarar 1871 ya fara rubuta sunansa a fuskar agogo. A hunturu na uku sai ya ɗauki ƙanensa ya taya shi aiki, suka haɗa agogo arba'in. Da ƙanƙara ta narke aka buɗe su don a kai kasuwa, sai ga cikin kowanne ya yi ja da tsatsa. Zanen yatsun ƙanen nan ne kwance a kan ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya. Akwai mutanen da haka Allah ya yi su, guminsu na cin ƙarfe. Ba ƙazanta ba ce, ko sau ɗari suka wanke hannu haka yake.

Daga ranar tsohon ya kafa doka, 'ya'yansa da jikokinsa kuma suka riƙe ta har bayan sun gina dogon ginin nan mai tagogi sittin, suna sayar wa masu jirgin ƙasa da matuƙan jirgin ruwa agogo. Duk wanda ya zo neman aiki a teburin agogo, kafin a dubi idonsa ko basirarsa, sai an ba shi ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana, gogagge har kana ganin fuskarka. Ya damƙe shi a tafin hannu minti ɗaya, shugaban aiki na duba agogonsa. A naɗe ƙarfen a takarda, a rubuta suna, a sa a durowar ɗakin guga kwana bakwai. In ya fito fes, ga kujerarka. In ya fito da ja, ga hanya. Ni nake goge ƙarafan nan, durowar kuma a ɗakina take.

A bazarar 1957 mutum biyu suka riƙe ƙarfe rana ɗaya: Firmin da Leonie Jeanmaire, dukansu 'yan shekara goma sha takwas. Kakan Firmin a gidan Sandrier ya tsufa, ubansa ma haka, har uban ya riga ya goge madubin idonsa na duba cikin agogo ya ajiye masa a kan kabad. Ita kuwa Leonie 'yar mai saƙa ce, amma duk ƙauyen an san hannunta. Tana iya zura zare a allura tana kallon wani wuri.

Kwana biyar Firmin bai ci abincin kirki ba. Ya san wani abu da bai gaya wa kowa ba: wuƙar aljihunsa ba ta taɓa yin wata guda ba ta yi ja ba, mabuɗin kekensa ma haka. A rana ta shida, da aka busa jiniyar tsakar rana kowa ya tafi gida cin abinci, sai ya lallaɓa ya shiga ɗakin guga. Ya ja durowar, ya warware takardar da ke da sunansa. Yatsu huɗu da tafi, ja kamar an shafa barkono. Ya tsaya yana kallo, ya tuna ubansa da madubin nan na kan kabad. Ya warware ta Leonie. Sai fuskarsa ya gani a ciki. Bai fi ƙiftawar ido ba ya musanya takardun, ya mayar, ya tura durowar da gwiwa, ya fita.

Bai san cewa tun rana ta uku na leƙa ba. Kullum nakan leƙa, don ni ba na iya jiran kwana bakwai. Na ga jan a ƙarƙashin sunan Firmin. Ran bakwai kuma, da shugaban aiki Arsène ya buɗe a gaban mutane, na gan shi a ƙarƙashin sunan Leonie. Na yi shiru. Lokacin ina neman auren yayarsa Berthe, saura wata biyu a ɗaura. Wannan shi ne dalilina, kuma ba na so a tsaya a kansa.

Arsène ya ɗaga ƙarfen sama ya ce, "Kai! Yarinya, wannan hannu naki ai ko layin dogo kika dafa sai ya tsinke. Je ki nemi aikin katako."

Aka yi dariya. Leonie ta dubi tafin hannunta, ta juya shi, ta sake dubawa, sannan ta sa shi a ƙarƙashin rigarta ta fita. Kafin Lahadi sunanta ya koma Leonie Tsatsa. Ta samu aiki a gidan cuku na ƙasan ƙauye, tana shafa wa manyan kawunan cuku ruwan gishiri, shekara arba'in da ɗaya.

Firmin ya hau kujera. Tunda kuwa ya san abin da ke hannunsa, sai ya zama ba a taɓa yin mai tsantseni irinsa ba a tarihin gidan. Wasu kan sa safar roba a yatsu uku, shi goma yake sawa. Abin da kowa zai ɗauka da yatsa, shi da hantsaki yake ɗauka, har ya kai ga zai iya juya siririn zaren ƙarfen nan da ke bugun zuciyar agogo, wanda bai kai gashi kauri ba, da hantsaki biyu kamar yatsunsa ne. Sau ashirin yake wanke hannu a yini. Ba ya musabaha da kowa, sai dai ya ɗaga hula. Mutane suka ce ai tattalin hannun yake yi, suka sa masa Firmin Fes. A 1966 agogon da ya saita ya je gasar daidaiton lokaci, ya yi kwana arba'in da wani abu a zafi da sanyi, a tsaye da kwance, ya dawo da lambar farko. Aka buga ƙararrawar coci. Maigida da kansa ya miƙa masa hannu a gaban ma'aikata ɗari biyu, Firmin ya karɓa da farar safa.

Daga gidansa zuwa kamfani hanya miƙaƙƙiya ce, ta gaban gidan cuku. Shekara ashirin da ɗaya yana zagayawa ta bayan maƙabarta, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa. In an tambaye shi ya ce likita ne ya ce ya riƙa tafiya.

Sai agogon batir ya zo daga gabas, mai arha, wanda ba ya son a ɗaura shi, wato a murɗa masa mabuɗi, ba ya son a saita shi. A 1978 aka sa wa gidan Sandrier kwaɗo. Wasu suka bar kwarin, wasu baƙin ciki ya kwantar da su. Ni na koma goge kayan aikin likitocin haƙori a birni, ban mutu ba. Firmin ya kai teburinsa bakin tagar gidansa yana gyaran tsofaffin agogo, kamar dai yadda tsoho Sandrier ya fara. Shekara ashirin da biyar ginin na kulle, tantabaru na kwana a ciki. Sannan wasu masu hali daga birni suka sayi sunan, suka share ginin, suka kawo matasa masu farar riga, suka ce duniya ta sake son agogon da ake ɗaurawa da mabuɗi. Suka ware ɗaki guda na tarihi. A tsakiyarsa agogon 1966, a bayansa kuma hoton hannun Firmin riƙe da hantsaki, girmansa ya kai ƙofa.

A 2011 gidan ya cika shekara ɗari da arba'in. Mai shirya bikin wata ce Madam Corinne, mace mai fara'a da saurin magana. Wani mai dogon baki ya ba ta labarin ƙarfen gwaji. To, ni ne. Ta tafa hannu ta ce wannan ai shi za a yi. Tsofaffin ma'aikatan da suka rage, su tara, kowa zai sake riƙe ƙarfe a gaban jama'a, a ajiye kwana bakwai a tsohuwar durowa, sannan a jera su cikin gilashi da sunayensu, na Firmin Fes a tsakiya.

A shagon kofi na dandali Firmin ya ji, saura kwana biyu. Tsoho Zélim ne ya faɗa, yana dariya.

"Firmin, ka ji? Za a tuɓe maka safa! Shekara hamsin ina so in ga ko yatsu gare ka ko kofato."

"Wasan yara," in ji Firmin. "Ni ba na zuwa."

"Ba ka zuwa? Hotonka ya cika bango kamar na bishop, ka ce ba ka zuwa? Ko a gado sai mun ɗauko ka."

Ya koma gida kofinsa ko rabi bai sha ba. Ya wanke hannu da sabulu, ya wanke da sinadarin wanke agogo har fatar ta yi fari ta tsage, ya barbaɗa hoda. Ya gaya wa kansa ai ya tsufa, jikin tsoho ba ya gumi kamar na saurayi. Ya gaya wa kansa haka sau da yawa.

Ran biki duk ƙauyen ya zo. An narka cuku a manyan tukwane, ga dankali, ga farar giya, ga masu ɗaukar hoto da fitilunsu masu zafi. Aka jera tsofaffi tara. Na miƙa wa kowa ƙarfensa a kan farin ƙyalle, kuma na rantse ban taɓa guga irin ta ranar ba. Madam Corinne ta ɗauko agogon aljihun marigayi Arsène ta ce, "Ranku ya daɗe, minti ɗaya ne tak."

Firmin ya zare safa. Aka yi tafi, don ba wanda ya taɓa ganin hannun nan tsirara. Ya damƙe ƙarfen. Da fari sanyi ya ji, sannan ya ji ƙarfen na ɗumi, yana santsi.

Ana cikin haka sai Zélim ya hango Leonie can baya kusa da ƙofa, ta tsufa ta rankwafa, ta zo kallo kamar kowa. Giya ta riga ta ɗan hau masa kai.

"Madam, ga gwanar can kin manta! A ba Leonie Tsatsa ɗaya mana, mu ga ko ginin zai kai gobe!"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, irin ta wanda ya saba. Amma Firmin ya ga hannayenta sun shige ƙarƙashin mayafinta, kamar yadda suka shige ƙarƙashin riga a 1957. Gumi ya karyo masa daga kai har tafin hannu. Da minti ya cika, da ƙyar na ɓamɓare ƙarfen daga yatsunsa.

Rana ta uku na leƙa, kamar yadda na saba. Ya fara fitowa, ruwan ƙasa-ƙasa tukuna, bai yi ja ba. Shi ya sa na ce muku ni na riga kowa.

Rana ta huɗu da tsakar rana, matasa sun tafi cin abinci, ina zaune a tsohon ɗakina da burodi da cuku, sai ga Firmin. Bai gan ni ba sai da ya kai hannu ga durowar.

"A'a, suruki," na ce. "Me ka manta a ciki?"

Ya juyo ya gan ni. Sannan ya ja durowar, ya warware tasa, ya duba. Bai yi mamaki ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Numa, don darajar Berthe. Fitilun nan ne, zafinsu ya yi yawa. Ka goge mini. Aikin minti biyar ne a wurinka."

"Minti uku," na ce. "Kada ka raina ni."

Na tashi na kunna injin guga. Allah ya sani da niyyar gogewa na kunna. Amma bakin nan nawa ba ya iya riƙe abin da ya sani shi kaɗai, ya gaji.

"Gara dai da ka zo wurina," na ce. "Da na ɗauka takardun za ka sake musanyawa. To na wa za ka ɗauka wannan karon? Na Zélim? Leonie dai ba ta ciki."

Injin na ta juyawa. Firmin ya nemi kujera ya rasa, ya zauna a kan akwati.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin kai ka gani. Rana ta uku."

"Shekara hamsin da huɗu," in ji shi. "Ka ci abinci a gidana. Ka riƙe ɗana a coci ranar baftismarsa. Ranar da aka buga ƙararrawa kai ka ɗauke ni a kafaɗa."

"Nauyi gare ka kuwa."

"Kana kallona duk lokacin nan."

"Ina kallonka kana zagayawa ta maƙabarta, e."

Daga baya ya gaya mini abin da ya ji a lokacin. Ya ce duk shekarun nan abin da ya riƙe shi tsaye shi ne ba wanda ya sani, har wani lokaci shi ma yakan yi kamar bai sani ba. Yanzu sai ya ga ashe tun farko tsirara yake yawo. Kuma in aka goge wannan, za a sa shi a gilashi a ƙarƙashin hoton nan mai girman ƙofa, Leonie ta zo ta tsaya a baya ta kalla da hannunta a ɓoye.

Na miƙa hannu in karɓa. Sai ya dunƙule ƙarfen a tafinsa, ba safa ba ƙyalle.

"Kashe injin," ya ce.

Ya fita. Na bi shi a baya, don ba na yarda a yi abu ban gani ba. Bai bi ta maƙabarta ba. Ya miƙe ta gaban gidan cuku, ya haura zuwa ƙaramin gidan Leonie, ya ƙwanƙwasa.

Tana zaune a kicin tana feren dankali. Kusa da ita ga ɗan ƙyalle jiƙe da mai. Da ta ajiye wuƙar sai ta goge ta da shi tukuna, ba tare da ta ma duba ba. A bango ga babban agogon mijinta marigayi, na Sandrier, tsaye cik a kan ƙarfe huɗu da minti goma.

"Firmin Fes a gidana?" ta ce. "Yau wa ya mutu? Shigo. Kada ka duba agogon nan, kunya yake ba ni. Maƙwabcina ne ke ɗaura mini shi ran Lahadi, ya tafi asibiti sati uku ke nan. Tunda Allah ya kawo ka, ga mabuɗin can a sama."

"Me ya hana ki ɗaurawa?"

"Ni? In taɓa agogon Gustave da wannan hannun? Shekara arba'in muna tare ban taɓa shi ba, sai yanzu da ba ya nan?"

Firmin ya buɗe hannunsa ya ajiye ƙarfen a kan tebur, tsakanin ɓawon dankali.

"Nawa ne," ya ce. "Na ranar biki."

Ta sunkuya ta duba. "Ayya. Tsufa ne, Firmin. Kada ka damu, a gaya wa Madam ɗin ta..."

"Ba tsufa ba ne. Na 1957 ma haka ya fito. Wanda Arsène ya ɗaga, nawa ne. Naki fes yake, na ga fuskata a ciki. Ni na musanya takardun."

Ta ɗauki dankali ta ajiye. Ta ɗaga hannayenta biyu ta dube su, duk gishiri ya cinye su, gaɓoɓin sun kumbura sun karkace.

"A'a," ta ce. "A gidan cuku duk abin da na taɓa sai ya yi ja."

"Gishiri ne, Leonie. Ko wa ya taɓa."

"Wuƙaƙena..."

"Sun taɓa yin tsatsa?"

"Ai ina shafa musu mai."

Ta dubi ƙyallen. Ta daɗe tana kallonsa. Firmin ya ce da ta jefe shi da wuƙar nan da ya fi masa sauƙi.

"Hélène," ta ce a hankali. Hélène 'yarta ce. "Tana shekara sha biyar ta kwance rediyon ubanta ta mayar. Ta ce ita makarantar agogo take so. Na ce a'a. Na ce abin a jini yake, ba za ki je a ɗaga ƙarfenki sama a yi miki dariya ba. Ta yi kwana uku tana kuka. Yanzu tana birni tana wanke zanin gado a otal, shekara talatin ke nan. Ni na hana ta, Firmin. Da bakina."

Firmin ya buɗe baki.

"Kada ka ce komai. In ka ce in yafe maka, zan yi amai. Miƙo hannun."

Ya miƙa. Ta kama shi, ta juya, ta duba tafin kamar mai duba kifi a kasuwa.

"To wannan ne," ta ce. "Wannan ne hannun da ya fi ƙarfin gaisawa da mu. Jiƙe sharkaf kamar na kwaɗo." Ta sake shi. "Ran Asabar, ranar buɗe durowar, kai za ka warware takardar da kanka, ba safa. Abin da ka faɗa a kicin ɗina ka faɗe shi a can, da ƙarfi, don Zélim ba ya ji sosai."

"Zan faɗa."

"Kai kuma da ke laɓe a bakin ƙofa, ina ganin hularka. Numa, durowar ba a ɗakinka take ba?"

Na ce a ɗakina take.

"Kai da ba a sa kaza a tukunya a ƙauyen nan ba ka leƙa ba. Ka gani?"

Na ce na gani.

"Yaushe?"

Wannan ce rana ɗaya tak a rayuwata da na so a ce wani ya riga ni. Na ce rana ta uku.

Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Je ka goge mini ɗaya. Ka goge shi da kyau, tunda shi kaɗai ka iya."

Ta ja kujera zuwa bango, ta taka da ƙyar. Firmin ya yi yunƙurin taimaka mata, ta ce ya tsaya inda yake. Ta lalubo mabuɗin, ta buɗe gilashin, ta ɗaura agogon da hannunta, juyi goma sha biyu, ta tura ma'aunin ya fara lilo. Ba ta tambaye mu ƙarfe nawa ba. Ta bar shi ya ci gaba daga huɗu da minti goma.

Ran Asabar ɗakin tarihi ya cika. Takwas suka fito fes. Da aka zo na tara, Madam Corinne ta leƙa gefen takardar, ta ga abin da ke ciki, ta yi maza ta ce a tafi shan kofi tukuna. Firmin ya ce, "A'a, Madam, ba ni." Ya warware, ya ɗaga sama kamar yadda Arsène ya ɗaga. Ya tsaya a ƙarƙashin hoton hannunsa ya faɗi komai, kunnuwansa sun yi ja fiye da ƙarfen. Ya faɗi ranar, ya faɗi lokacin, ya ambaci sunan Leonie Jeanmaire cikakke. Sunana ne kawai bai ambata ba. Ni ma ban tuna masa ba.

Ba wanda ya yi dariya. Wani daga cikin matasan ya ce ai duk da haka shi ya saita agogon 1966. Zélim ya cire hula ya juya yana neman Leonie, ya rasa da wane suna zai kira ta, don ya manta na gaskiyar duk da yanzu aka faɗa.

Ita kuwa ta tako har gaba. Na miƙa mata ƙarfenta a kan farin ƙyalle. Ta ce wa Madam Corinne, "'Yata, duba agogon. Minti ɗaya, kada ki rage mini ko daƙiƙa." Ta damƙe shi da karkatattun yatsun nan, tana kallon Firmin har minti ya cika. Shi ƙasa yake kallo.

Wannan karon ban leƙa ba. Kwana bakwai ina zagaya durowar nan kamar kyanwa, ban taɓa ta ba. Da aka buɗe, Hélène ce ta zo daga birni ta warware takardar. Ta duba, ta miƙa wa uwarta. Leonie ta gyara mayafinta a ciki kamar madubi, ta ajiye, suka tafi gida.

Firmin da kansa ya roƙa a sauke hoton. Ya yi shekara biyu bayan nan, bai sake sa safa ba sai a bakin aiki. Duk wanda ya gamu da shi sai ya miƙa masa hannu, wasu su karɓa, wasu su yi kamar ba su gani ba. Duk ran Lahadi yakan tsaya a ƙofar Leonie ya ɗaga hula, ita kuma ta ci gaba da abin da take yi. Ranar jana'izarsa ta zo, ta tsaya a baya, hannayenta a waje. Ni dai har ta rasu ba ta sake ce mini ko sannu ba. Sunan da Firmin bai faɗa ba ran Asabar, ga shi yau na faɗa da kaina, ko da yake duk waɗanda ya kamata su ji suna bayan coci a kwance.

Wanda yake ganin ƙarya nake, ya hau jirgin ƙasa na safe ya zo. Ɗakin tarihi, gilashi na biyu a hannun hagu. Ƙarfe biyu ne a jere, ɗaya ja ɗaya fes, kuma ni na goge su duka. In ya gani bai gamsu ba, gidana na nan bayan dandali, injina na aiki har gobe. Ya zo da hannunsa tsirara in ba shi nasa ya riƙe minti ɗaya. Amma ya sani, rana ta uku zan leƙa, kuma yanzu ba na yin shiru.